GIG TAKWAS NA ARO: ABIN DA YA KAMATA ƊALIBIN HAUSA YA SANI GAME DA MA'ADANAR KWAMFUTA

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa rashin sani ya fi dare duhu. Ni kam na gaskata wannan magana, domin kuwa na shiga irin wannan duhu da rana tsaka a cikin garin Abuja, ga kuma kuɗin adashin mahaifiyata a aljihuna. Abin da ya same ni shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko Allah zai sa wani ɗan'uwa ɗalibi ya tsallake ramin da na faɗa.

A ƙarshen aji uku Malam ya amince da batun kundina, wato nazarin Hausar 'yan kasuwar Gwagwalada. Na ɗauki hirarraki masu yawa a bidiyo, saboda haka ina bukatar kwamfutar da za ta tace hotunan, ta kuma taimaka mini wajen mayar da magana rubutu. Wani abokina na Sashen Kimiyyar Kwamfuta ya ce in nemi wadda katin hotonta ke da ƙarfi. Da wannan kalma guda na shiga mota zuwa cikin gari, na faɗa wani shago.

Na ce, "Oga, ina son laftof mai girafik mai ƙarfi."

Ya ce, "Ƙanena, ka zo inda ya dace. Wannan ram ɗinta gig 16, girafik gig 8. Zo ka gani da idonka."

Ya buɗe wani shafi, na kuwa ga lamba 8 ɓaro-ɓaro. Na biya, na dawo ina murna. Da na ɗora mata manhajar Whisper, wadda kamfanin OpenAI ya fitar a 2022 kuma Hausa na cikin harsunan da take saurare, sai manhajar ta ƙi ganin wani katin hoto sam. Hirar awa guda sai kwamfutar ta kwana tana nishi a kanta. Bidiyo kuwa sai tsalle yake kamar kwaɗo. Na kai ta wurin wani dattijo mai gyara, ya duba na minti biyu, ya yi murmushi.

Ya ce, "Yaro, ai wannan ba ta da katin hoto nata na kanta. Gig 8 ɗin nan aro ne daga cikin 16 ɗin da ka riga ka biya. Akuya ɗaya aka sayar maka sau biyu."

Na ce, "Baba, ke nan ƙarya ya yi mini?"

Ya ce, "Lambar gaskiya ce. Kai ne ba ka tambayi ta wace ce ba."

Wannan amsa ta daɗe tana yi mini yawo a rai. A ƙarshe na gane cewa abin da ya kayar da ni shi ne kalma ɗaya tak nake da ita, wato "memori", alhali abubuwa biyu ne mabambanta. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, wajibi ne mu ɗaliban Hausa mu fahimci wannan bambanci, mu kuma raɗa masa suna da Hausa, domin aikinmu ne, ba na 'yan kimiyya kaɗai ba.

Gandu da gayauna

A cikin kwamfuta akwai ma'aikata biyu da suka shafe mu a nan. Na farko ita ce babbar masarrafa, wadda ke tafiyar da al'amuran gidan baki ɗaya. Hannuwanta kaɗan ne, huɗu ko takwas a yawancin laftof, amma kowane hannu gwani ne. Na biyu ita ce masarrafar hoto. Ita hannuwanta ƙanana ne amma suna da yawan gaske, kuma aiki iri ɗaya suke yi a lokaci guda, kamar 'yan gayya a gona. Alal misali, katin RTX 3060 na kwamfutar tebur, wanda kamfanin Nvidia ya fitar a 2021, yana da irin waɗannan hannuwa 3,584.

Me ya sa hoto ke bukatar gayya haka? Fuskar kwamfuta mai ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye tana da ɗigo fiye da miliyan 2. Kowane ɗigo yana cin bait 4, wato hoto guda ya haura megabait 8, kuma sau 60 ake sabunta shi a kowace daƙiƙa. Kusan megabait 500 ke nan a daƙiƙa guda don nuna hoton kawai, ba a ma zo ga lissafin da ya samar da shi ba.

To, kowane ma'aikaci yana bukatar wurin da zai baje kayan aikinsa. Wannan wuri shi ne ma'adanar wucin-gadi, wadda 'yan kasuwa ke kira ram. Ba ita ce faifan ajiya ba, inda fayilolinmu ke kwana. Ita da an kashe kwamfuta sai ta manta komai. A nan ne tsarin noman Bahaushe zai taimaka mana. A gidan gandu akwai babbar gona wadda kowa ke nomawa, amfaninta ya shiga rumbu ɗaya a ƙarƙashin ikon maigida. Akwai kuma gayauna, ƙaramar gonar da ake yankar wa ɗa ko matar gida, abin da ta bayar nasa ne shi kaɗai. Ram ɗin kwamfuta rumbun gandu ne: babbar masarrafa da kowace manhaja daga ciki suke ɗiba. Katin hoto na gaske kuwa yana da gayaunarsa, wato keɓantacciyar ma'adana da aka liƙa kewaye da masarrafar hoton, ba mai taɓa ta sai shi.

Laftof ɗina ba ta da gayauna. Masarrafar hotonta a cikin jikin babbar masarrafa aka gina ta, kamar yadda ake yi wa yawancin kwamfutocin ofis. Duk abin da take so sai ta je rumbun gandu. Manhajar Windows kuwa takan yarda a ara mata har kusan rabin abin da ke rumbun. Rabin 16 shi ne 8. Ga asalin lambar da aka nuna mini.

Hanyar Nyanya

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne aibu? Hatsi ai hatsi ne, ko daga gandu ko daga gayauna. Amsar ita ce, ba yawan abin da ke rumbu ne kaɗai abin dubawa ba, har da faɗin hanyar da za a bi a ɗauko shi. Duk mazaunin Abuja ya san hanyar Nyanya da safe. Ma'aikacin da ke kwana a Mararaba da wanda gidansa ke Garki duk ofis ɗaya za su a Sakatariya, amma ba lokaci ɗaya suke isa ba, kuma ba don na Mararaba ya fi lalaci ba ne. Dubban motoci ne suka taru a kan hanya guda.

Bari mu sa lambobi. Sandar ram guda irin DDR4 mai gudun 3200 tana iya fitar da gigabait 25.6 a daƙiƙa. Idan sanduna biyu ne suna aiki tare, sai ya zama 51.2. A kan wannan hanya babbar masarrafa da masarrafar hoton da ba ta da gayauna suke rububi. Katin GTX 1650 na 2019 kuwa, wanda ake yawan gani a laftof ɗin gwanjo, gig 4 kacal gare shi, amma hanyarsa tana ɗaukar gigabait 128 zuwa 192 a daƙiƙa, gwargwadon irin ma'adanar da aka sa masa. RTX 3060 mai gig 12 yana ɗaukar 360. RTX 4090 na 2022 mai gig 24 ya ɗan haura 1,000. Ashe ke nan gig 4 na kai sun fi gig 8 na aro amfani a aikin hoto.

Ko katin da ke da gayauna ma bai rabu da rumbun gandu ba. Ga yadda abin ke gudana: fayil yana tasowa daga faifan ajiya ya shiga ram. Daga nan manhajar direba ta shaida wa katin inda kayan suke, shi kuma ya kwaso su da kansa kai tsaye, ba tare da babbar masarrafa ta yi dakonsu ɗaya bayan ɗaya ba, ya zuba su a ma'adanarsa. Gadar da yake bi ana kiranta PCI Express. Zubi na uku na wannan gada, mai layi 16, yana ɗaukar kimanin gigabait 16 a daƙiƙa. Zubi na huɗu 32. Na biyar 64. Kwatanta 16 da 360, za ka ga hanyar cikin gida ta ninka gadar fiye da sau 20. Saboda haka dabarar masu tsara manhaja ita ce a tsallaka da kaya sau ɗaya, a yi ta aiki da su a can. Matsala tana farawa ne idan gayauna ta cika. Sai a ajiye ragowar kayan a ram, katin ya riƙa zirga-zirga a kan gada, hannuwa dubu uku su zauna zugum suna jira. Wannan shi ne lokacin da wasa ko bidiyo ke fara sarƙewa.

Tsohuwar dabara ce

Kada mai karatu ya ɗauka a Abuja aka ƙirƙiro haɗa lambobin nan biyu. Tun a 1997 kamfanin Intel ya fito da gadar AGP, wadda ɗaya daga cikin manufofinta shi ne katin hoto ya iya karanta kaya daga ram kai tsaye, domin a lokacin keɓantacciyar ma'adana tana da tsada ƙwarai. A ƙarshen 2004 Nvidia ya fitar da katin GeForce 6200 mai dabarar TurboCache. Abin da ke jikin katin megabait 16 ne ko 32 ko 64, amma ana tallarsa da cewa yana kaiwa 128 ko 256, domin an haɗa da abin da zai aro. Kamfanin ATI ma ya fito da irin tasa mai suna HyperMemory. Wato shekara ashirin ke nan ana yi wa masu saye kallon kitse a rogo. Bambancin kawai shi ne, wanda ya san ma'anar kalmomin yana iya karanta ƙaramin rubutun da ke bayan kwali, mu kuwa babbar lamba muke gani.

Ba kowace tarayya ce illa ba

Adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren. Wayar da ke hannunka ma'adana guda gare ta, masarrafar hoto da babbar masarrafa duk a ciki suke ci, kuma tana nuna finafinan Kannywood lafiya lau. Na'urar wasa ta PlayStation 5, wadda ta fito a 2020, gig 16 gare ta na tarayya, amma hanyarta tana ɗaukar gigabait 448 a daƙiƙa. Kamfanin Apple ma tun daga masarrafar M1 a 2020 ya koma ma'adana guda, kuma M1 Max ta 2021 tana kaiwa 400. A irin wannan tsari akwai ma riba, domin ba a bukatar kwafar kaya daga wannan rumbu zuwa wancan. Gandu ne, amma an gina rumbun a tsakar gida, an kuma yi masa ƙofa mai faɗi.

Haka nan, ɗalibin da bukatarsa buga kundi ce da karanta littattafai da kallon lacca, laftof marar gayauna ta ishe shi, ta ma fi sauƙin kuɗi da riƙe caji, abin da ba a rainawa a ɗakin kwanan da wuta ke zuwa tana tafiya. Ba cewa nake kowa ya sayi mai tsada ba. Cewa nake kowa ya san abin da ya saya.

Ina ruwan ɗalibin Hausa?

Na san akwai wanda zai ce, mu da muka zo karanta nahawu da adabi da al'ada, ina ruwanmu da cikin kwamfuta? Ina da amsa biyu.

Ta farko, aikin harshe ya riga ya koma kan katin hoto. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke fassara, da masu sauraren magana su rubuta, duk a kan masarrafar hoto suke gudu, domin lissafinsu irin na gayya ne. A watan Satumba na 2025 Ministan Sadarwa, Bosun Tijani, ya sanar da N-ATLaS, manhajar harshe ta Nijeriya wadda ta ƙunshi Hausa da Yarabanci da Ibo, kuma cibiyar NCAIR da ke nan Abuja tana cikin masu aikin. Wa zai gwada Hausar irin waɗannan manhajoji, ya ce nan ta yi daidai, nan ta karya harshe, idan ba mu ba? Kuma da wace kwamfuta?

Ga lissafi mai sauƙi. Matsakaiciyar manhajar harshe tana ɗauke da lambobi biliyan 8 da ta koya. Idan kowace lamba ta ci bait 2, gig 16 ke nan. Idan an matse ta sai ta dawo wajen gig 5. Kafin ta furta kowane guntun kalma sai ta karanta waɗannan lambobi gaba ɗaya. A kan hanya mai 360, iyakar abin da za ta iya shi ne guntaye 70 da ɗoriya a daƙiƙa. A kan sandar ram guda, biyar. Idan kuwa sai an tsallako da su ta gada mai 16, uku. Bugu da ƙari, yawancin manhajojin nan da Turanci aka fi horar da su, saboda haka sukan daddatsa kalmar Hausa gunduwa-gunduwa fiye da ta Turanci. Wato jimlar Hausa ta fi yawan zirga-zirga a kan hanyar. Ƙuncin hanya ya fi cutar da mu fiye da Bature. Babbar Whisper ma, masu ita sun ce tana bukatar wajen gig 10 na keɓantacciyar ma'adana. Da na san haka, da ban kai kuɗin Mama inda na kai su ba.

Amsa ta biyu ta fi kusa da zuciyata. Ni ba da Hausa na buɗi baki ba; ɗan Gbagyi ne ni, a kasuwa da makaranta na koye ta. Wanda ya koyi harshe da girmansa ya san wani abu da ɗan gado ba ya lura da shi: matuƙar ba ka da kalmar abu, ganinsa kake dishi-dishi. Sai da na koyi "aro" da "rance" na fara bambanta abin da ake mayarwa shi kansa da wanda ake mayar da madadinsa. Harshen da ya bambanta aro da rance da haya da jingina, ya bambanta gandu da gayauna, ba za a ce ya gaza bambanta ma'adana biyu ba. Mu ne ba mu yi aikin ba.

Magabata sun yi nasu. An kafa Hukumar Hausa a 1955. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, kuma da irin waɗannan kalmomi muke rubuta jarrabawa a yau. A 2006 Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa. Idan su sun samar mana da "ɗafi" da "tsarin sauti" da "ginin jimla", me zai hana mu samar wa ƙannenmu kalmomin na'urar da suke kwana da ita?

Wasu za su ce a ari na Turanci kawai a huta. Ba na ƙin aro. Kwamfuta da intanet da ram duk sun zama 'yan gida. Amma aron kalma yana amfani ne idan ma'anarta ta biyo ta. "Girafik gig 8" Hausa ce a baki, amma ba ta gaya wa mai saye komai ba. Ina ba da shawarar mu ce "ma'adanar kai" ga wadda katin ya mallaka, "ma'adanar aro" ga wadda yake ɗiba daga ram, "ma'adanar tarayya" ga irin ta waya da ta Apple, sannan "faɗin hanya" ga yawan abin da ke wucewa a daƙiƙa. Ban ce nawa ne daidai ba. A kawo su zauren ƙungiyarmu a tattauna, malamai su gyara. Amma ka gwada tambayar mai shago, "Gig takwas ɗin nan na kai ne ko na aro?" ka ga ko akwai Bahaushen da ba zai gane inda aka dosa ba.

Shawara ga mai shirin saye

Kafin ka miƙa kuɗi, ka karɓi kwamfutar da hannunka. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, shafin Task Manager zai buɗe. Shiga Performance, ka zaɓi GPU. Tun 2017 Windows 10 ke nuna wannan sashe. Za ka ga layin da aka rubuta Dedicated, ita ce ma'adanar kai. Za ka ga wanda aka rubuta Shared, ita ce ta aro. Akwai kuma layin da ya haɗa jimillarsu, shi ne wanda bai kamata ya ruɗe ka ba. Idan ta kai ba ta wuce megabait 128 ko makamancin haka ba, ko ma babu layin sam, to kwamfutar ba ta da gayauna. Ka kuma rubuta sunan katin, ka bincika shi a wayarka tun kana tsaye a shagon. Idan ƙarfinka bai kai ga mai kati ba, ka nemi wadda aka sa wa sandar ram biyu maimakon ɗaya, domin hakan yana ninka faɗin hanyar. A ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabi a duniya saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna ta wawaso, don haka kuskure a wannan fanni ya ƙara tsada.

Ga hukumar sashenmu kuwa, roƙona shi ne a samar da ko da kwamfuta guda mai kati na gaske a ɗakin nazarin harshe, wadda 'yan aji huɗu za su riƙa yin layi a kanta. Ba kowace uwa ce ke da adashin da za ta ɗauka sau biyu ba.

Kammalawa

Laftof ɗina tana nan, da ita ma na buga wannan maƙala, kuma hirarrakin Gwagwalada da kunnena da yatsuna na rubuta su, dare bayan dare. Ban riƙe mai shagon a zuci ba, wataƙila shi ma yadda aka gaya masa ya gaya mini. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, sun kuma ce matambayi ba ya ɓata. Amma sai mutum yana da kalmar tambaya kafin ya yi ta. Samar da wannan kalma aikinmu ne, ya ku 'yan'uwana ɗalibai. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu gama lafiya, amin.